Jaka shida kafin naƙuda: yadda na ga Chèque Santé a Garwa

Duk magidancin da matarsa ke da juna biyu a Garwa, Marwa ko Ngaundare, a arewacin Kamaru, shawarata gare shi ita ce ya nemo jaka shida, wato sefa 6,000, ya saya mata Chèque Santé tun cikin bai tsufa ba. Mun yi amfani da shi a haihuwar uwargida ta bana, kuma ina da ƙorafi a kansa, ƙorafin ma ba ƙarami ba ne. Duk da haka ban ga abin da jaka shida za ta saya wa mai ciki a ƙasar nan da ya kai wannan takarda ba.

Ga wanda bai san shi ba, tsari ne da aka fara a 2015 a jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin kuɗi daga Faransa da Jamus. Mace za ta biya sefa 6,000 sau ɗaya, a ba ta takarda, ta riƙa nunawa a asibitin da aka amince ya karɓa. Takardar ta ɗauke mata kuɗin awo, da gwaje-gwaje, da hoton ciki da muke kira eko, da haihuwar kanta, da tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, da kula da mai jego da jaririnta har kwana 42. Tun watan Afrilun 2023, lokacin da ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin lafiya na kowa da kowa, CSU, a Mandjou kusa da Bertoua, aka shigar da shek ɗin cikin wannan shiri.

Ni tela ne. Kuɗina na zuwa ne da Sallah, ƙarama da babba, sai ɗan abin da biki ya kawo. Naƙuda kuwa ba ta duba wata. Shekarun baya, kafin a kawo shek, ƙanwata ta yi doguwar naƙuda, aka ce sai an yi mata aiki. Cikin dare aka miƙo mana takarda: zaren ɗinki, safar hannu, ruwan ƙari, allurai, kuɗin aiki. Muka bazu cikin unguwa muna buga ƙofofin mutane, ita kuma tana kwance tana jira. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma keken ɗinkina guda ya tafi a biyan bashin. Ban taɓa riƙe ma'aikatan daren nan a zuciya ba, don su ma ba su da kayan a hannu sai an saya. Abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da ya wuce tsakanin "sai an yi aiki" da shigar da ita ɗakin aiki. A wannan tsakanin ne mata da yawa ke rasa ransu.

Bana abin ya sake faɗo mana, a kan uwargida. Tun a awo ungozoma ta ga jininta na hawa, ƙafafu na kumbura, ta ce a riƙa zuwa a kai a kai. Ga wani amfanin shek da ban yi tunaninsa ba a da: tunda an riga an biya, babu sauran "bari mu ga zuwa wani satin". Kowane awo ta je, ta sha ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a gaban ungozoma, ta karɓo gidan sauro. Ranar da naƙuda ta taso, ƙaramin asibitin unguwarmu suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, suna tsoron jijjiga, suka tura mu babban asibiti. Muna isa, abin da aka fara tambayata shi ne karne, wato littafin awonta, da takardar shek. Ba wanda ya ce "nawa ka zo da shi?" Aka duba ta, aka shiga da ita, aka ciro mana 'ya mace. Na biya wasu abubuwa daga baya, zan zo kansu, amma kuɗi bai tsaya tsakanin matata da likita ba a daren nan. Wannan shi ne ainihin abin da mutum ke saya da jaka shidarsa.

Yanzu ga ƙorafin.

Layin awo yana da tsawo, benci kaɗan ne, kuma wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san abin da ake nufi da mace mai tsohon ciki ta tsaya a rana. Wannan na iya haƙura da shi. Jini ma an ce mu kawo masu bayarwa, muka kawo 'yan'uwa, ba laifi. Abin da ya ci mini rai shi ne magani. Bayan tiyata aka rubuta mana magunguna, muka je ɗakin maganin asibiti aka ce wasu sun ƙare, sai a waje. Abin da na kashe a farmasi ya ninka kuɗin shek ɗin kansa. Na iya biya don akwai ɗan abin da na ɓoye. Amma a gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah da aka kawo daga ƙauye, mijinta ya riƙe takardar magani yana juya ta a hannu, shi a tunaninsa jaka shidan nan ta gama komai, don haka aka gaya masa. Sai da 'yan jinya suka haɗa masa.

Na tambayi wata ungozoma mai shekaru, cikin ladabi, na ce: "Mama, me ya sa haka?" Ta ce: "Ɗana, mu ne muke fara yin aikin, mu ba da magani, sannan mu aika lissafi a biya mu. In kuɗin ya yi watanni bai zo ba, da me za mu sake cika ɗakin magani?" Daga nan na fahimci dalilin da ya sa wasu mata ke cewa in ka nuna shek fuska na canzawa. Ban yarda a ɗaure wa mai ciki fuska ba ko da wane dalili, amma na gane inda gizo ke saƙar. Ma'aikacin da ya karɓi haihuwa wata da watanni bai ga ladan aikinsa ba, ga ɗakin magani wayam, dole ya fi murna da mai tsabar kuɗi.

A kan wannan muka daɗe muna ja-in-ja da Yayana, wanda ke fataucin shanu kuma Allah ya hore masa. Shi iyalinsa asibitin kuɗi suke zuwa. Ya ce mini: "Ka ga abin da nake gaya maka? Abin da ba ka biya cikakken kuɗinsa ba, ba ka da bakin magana a kansa. Gwamnati ta cire hannunta, kowa ya biya, asibitin da bai yi aiki ba mutane su guje shi." Na ce: "Yaya, ai wannan hanyar mun bi ta, a cikinta muka girma." Tun yarjejeniyar Bamako ta 1987 ƙasashenmu suka koma ga tsarin mara lafiya ya biya kuɗin magani da na ganin likita. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Har yau kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Kamaru daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Da biya daga aljihu yana gyara asibiti, da tuni namu sun fi na kowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2011 ya nuna mata 782 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Na 2018 ya nuna adadin ya sauko ƙasa da 500. Ban ce shek kaɗai ya yi wannan ba, ƙasar tana da faɗi kuma abubuwa da yawa sun canza, amma na tabbata ba barin talaka da aljihunsa ne ya sauko da shi ba.

Kuma maganar "mutane su guje shi" tana aiki ne ga mai sayen atamfa, wanda zai zaga kasuwa ya taya nan ya taya can. Mace mai zubar jini da ƙarfe biyun dare a bayan babur daga wajen Pitoa ko Ngong ba ta da zaɓin asibiti, ba ta da lokacin ciniki. Manomin auduga kuma sau ɗaya yake ganin kuɗi masu kauri a shekara, in an biya kuɗin auduga. Shek yana ba shi damar ya biya lokacin da yake da shi, don ranar da ba shi da shi. Kamar adashi ne, sai dai wanda bukatarsa ta fi tsanani shi ke kwasa, kuma gwamnati ce ya kamata ta yi zubi mafi tsoka.

Akwai kuma maƙwabcina, malamin makaranta, da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Shi cewa yake ko jaka shidan ma a soke, haihuwa ta zama kyauta gaba ɗaya, don akwai gidajen da shidan nan ta fi ƙarfinsu. Gaskiya ne akwai su, na gan su da idona. Sai dai ni kalmar kyauta ta daina burge ni ita kaɗai. Tun 2011 aka ayyana maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma duk uban da ya kai yaro da damina ya san in magani ya yanke a asibiti, farmasi zai nufa. Kyautar da ba a ware mata kuɗi a kan lokaci ba, a takarda take tsayawa. Na fi son a bar shidan ga mai iyawa, a yafe wa wanda aka tabbatar ba shi da hali, sannan a biya asibitoci haƙƙinsu kowane wata ba tare da jinkiri ba.

Kuɗin kuma daga baitulmalinmu ya kamata ya fito. Na gode wa Faransa da Jamus, amma haihuwar 'ya'yanmu ba abin da za a rataya a wuyan baƙo ba ne, don ranar da ya sauya ra'ayi shi ke nan. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. A shekarun nan namu bai kai ko rabin haka ba. In gwamnati ta sa hannu da gaske ana ganin bambanci: masu wankin ƙoda a da sefa 5,000 suke biya kowane zama, sau biyu a mako, abin ya haura 500,000 a shekara, yanzu a ƙarƙashin CSU 15,000 ne na shekara guda. Babu dangin da karo-karonsu zai ɗauki irin wannan nauyi shekara da shekaru. Ko Yaya da na kawo masa wannan misali bai musa ba, sai ya ce a fara tabbatar da injinan na aiki, na ce a nan kam bakinmu ɗaya.

Wanda zai saya, ya fara tambaya ko asibitin da matarsa ke zuwa yana karɓar shek, don ba kowanne ba ne. Ya saya da wuri, in an bari sai watan haihuwa an yi asarar awo da eko, kuma a nan ne ake gano matsala tun ba ta girma ba. A ajiye takardar da karne wuri ɗaya cikin kayan haihuwa, kowa a gidan ya san inda suke. A ɓoye wani abu a gefe saboda maganin da za a iya cewa babu, a kuma yi magana da 'yan'uwan da za su ba da jini tun kafin ranar. A sani cewa takardar ta mai ciki ce da jaririnta kawai, kuma bayan kwana 42 ta gama aiki. Maigida ya daure ya raka ta awo ko sau ɗaya ne, ya ji bayanin ungozoma da kunnensa.

Masu hali na unguwanninmu kuma, jaka sittin za ta saya wa mata goma. Na kai wannan magana ga limamin masallacinmu, ya ce zai sanar bayan sallar Juma'a, matan unguwa kuma su ne za su nuna gidajen da suka fi bukata ba tare da an tona asirin kowa ba.