Kabinet ɗin kicin na gidan hayar ƙanwata: aiki ya yi kyau, ƙasan sinki ne ya ɓata min rai

Tun da aka watse daga biki 'yan uwa ke ta kirana wai waye ya yi mana kicin ɗin amarya, to bari in faɗi yadda muka yi da shi kowa ya auna da kansa. Sunansa dai ba zan kama ba.

Gidan haya ne ango ya kama a Rijiyar Zaki, ciki biyu da falo, kicin ɗin kuma wayam, famfo ɗaya sai bango da ya sha hayaƙin risho. Mai gidan tun a gaban dillali ya ce duk abin da aka kafe a bango ranar tashi nasa ne, kuma ba ya rage ko sisi a kuɗin haya. Shi ya sa Umma ta ce kar a narka kuɗi a gidan wani, ga gado ga kujeru ga labulaye suna jira, kun dai san yadda kaya suka koma. Fenti ƙanenmu ne ya shafa da kansa, tayil ɗin ƙasa wankewa kawai aka yi, kabinet ne kaɗai muka ce sai kafinta.

Gaskiya in don fasali ne mutumin nan ya iya aiki. Sau biyu yana zuwa awo, shi ya ba mu shawarar a yi shi gida uku a haɗa da sukuru yadda ranar tashi za a kwance a ɗora a mota, ya sa masa ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa saboda mofin, ya hana mu yin na sama ya ce kanta biyu ta isa. Kwana 12 ya ce, kwana 12 ya kawo, wanda duk ya taɓa hulɗa da kafinta lokacin biki ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da aka kafa har addu'a Umma ta yi masa.

Abu ɗaya na roƙe shi tun kafin in ba da kafin alƙalami. Na ce Malam, sauran ka yi da MDF ba damuwa tunda ƙarfinmu ke nan, amma gidan sinki marin bod nake so, katakon nan mai jure ruwa, don na san MDF garin katako ne aka matse da gam, ruwa na shigarsa ya kumbura kuma ba ya komawa. Har na ce zan je Na'ibawa 'yan katako in sayo falle ɗaya da kaina ya ce haba Hajiya, ai ina da mutumina a can, ki bar min. Na ƙara masa kuɗin a kai, a gaban ƙanena.

Ranar da suka kafa babu ruwa a tanki, an kwana uku ba wuta, yaronsa ya haɗa fayif ɗin sinki suka tafi ba wanda ya gwada. Daren Laraba aka kawo wuta maƙwabta suka tura ruwa sama. Alhamis da safe muka zo jere ni da gwaggonninmu biyu da ƙawayen amarya, ina buɗe ƙofar kicin na ji ƙafata cikin ruwa. Ashe mahaɗar fayif ɗin da ke bayan famfo ce ta kwana tana ɗiga a cikin kabinet. Na durƙusa na buɗe murfin, wallahi katakon ƙasan ya tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi, farar fatar da ke kansa ta ɗaye ta naɗe. Na sa mukullin gida na kankare gefen, sai gari-gari yake zubowa a hannuna ruwan ƙasa. Marin bod in ka duba bakinsa falle-falle za ka gani a jere, wannan ko ɗaya babu. Kwalayen faranti biyu da muka ajiye a ciki tun Talata sun jiƙe sun rabe, Gwaggo ce ta riƙa zaro farantan ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da gefen zaninta, ni kuwa hawaye ne kawai ban yi ba saboda idon yara.

Na kira shi, da farko ya ce ai HDF ne Hajiya, ya ma fi (HDF ɗin dai ɗan'uwan MDF ne, shi ma garin katako ne aka matse). Na ce Malam ni da kai me muka yi? Sai ya koma laifin mai haɗa fayif ne, alhali yaronsa ne shi ya zo da shi. Bai zo ba sai Asabar bayan an kai amarya, dangin ango sun riga sun shigo ganin ɗaki mun rufe wajen da labulen leda. Da ya zo ɗin ma katakon ƙasa kaɗai ya canza, kuma sai da na sake biyan kuɗin katakon, na gefe yana nan a kumbure har yau murfin ba ya rufuwa daidai.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce ku je wajensa amma ku sayi katakonku da kanku, ku tsaya a gwada ruwa ko da jarkar mai garuwa ce kafin ya bar gidan. Amma yanzu da nake tuno komai raina ya sake ɓaci, don kuskure daban, karɓar kuɗin abu a sa wani daban. Marin bod sau biyu na biya, sau ɗaya aka sa. Kuɗin da na ƙara masa tun farko ya ce zai mayar min, wata biyu ke nan. Ga hannun durowa ɗaya ya fara girgiɗi, hinjin gidan sinkin ya yi tsatsa tun daga wancan ruwan. Ni dai ba zan tura masa kowa ba, ko 'yar maƙwabciyarmu da za a yi nata bayan Sallah na ce su nemi wani.

Ƙanwata yanzu roba take ajiyewa a ƙarƙashin sinkin tana leƙawa duk dare kafin ta kwanta, duk da an gyara fayif ɗin. Jiya ma na sake kiransa sau uku, tana shiga bai ɗaga ba.