Hoton wasan wuta da dare: ɗauka da hannu cikin sauri, ko girke kyamara a bar labule a buɗe?

Malam, ka ce hotunan wasan wutar da ka ɗauka a karon baya sun fito fari fat, babu ja babu kore, sai ɗige-ɗigen haske da hayaƙi, kuma da ka nemi shawara mutum biyu suka ba ka amsoshi masu karo da juna. Na farko ya ce tunda dare ne, ka ɗaga ISO zuwa 3200, ka wangale ƙofar haske zuwa f/2.8, ka riƙe kyamara a hannu ka yi ta ɗauka cikin sauri. Na biyu ya ce ka girke kyamarar a kan mazauni mai ƙafa uku, ka sauke ISO zuwa 100, ka tsuke ƙofar zuwa f/11, ka bar labule a buɗe na wasu 'yan sakanni. Idan abin da kake nema shi ne hoton nan da wuta ke buɗewa kamar fure, zare-zarenta suna zubowa kowanne da launinsa, to na biyun ne ya ɗora ka a kan hanya. Shawarar na farkon ma tana da inda take aiki, amma sai an yi mata gyara.

Abubuwa uku ne muke juyawa a nan. Akwai ƙofar haske da ke cikin gilashin kyamara, wadda ake auna faɗinta da lambar f, kuma duk lokacin da lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take yi. Akwai labule, wato abin da masu hoto ke kira shota, wanda yake buɗewa ya bar haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, na wani lokaci sannan ya rufe. Sai kuma ISO, wanda yake ƙara ƙarfin abin da sensa ta kama.

Kuskuren shawarar farko ya samo asali ne daga ɗaukar wasan wuta a matsayin abu mai duhu, alhali sararin sama ne kawai ke da duhu. Ita wutar kanta sinadarai ne da garin ƙarfe suke ƙonewa da tsananin zafi, kuma haskenta ya fi ƙarfin abin da ido ke kimantawa. Duba tazarar da ke tsakanin saitin biyu. Daga f/11 zuwa f/2.8 matakai huɗu ne, wato f/8, f/5.6, f/4, f/2.8, kuma kowane mataki yana ninka hasken da ke shiga sau biyu, jimilla ninki 16. Daga ISO 100 zuwa 3200 kuwa ninki 32 ne. Idan ka haɗa su, saitin farko yana kama kowane tartsatsi da ƙarfin da ya ninka na biyu sau 512. Sensa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Da zarar ja da kore da shuɗi duk sun cika maƙil a wuri guda, abin da zai fito shi ne fari, kuma babu wata manhajar gyaran hoto da za ta dawo da launin da ya ƙone ta wannan hanya. Abin da ya faru da hotunanka ke nan. Idan kuma kyamarar tana kan oto a lokacin, matsalar ta ƙaru, domin ma'aunin haskenta yana ganin baƙin sama ya mamaye hoton, sai ya yi ƙoƙarin mayar da baƙin toka-toka ta hanyar ƙara haske.

Launukan nan da kake son kamawa daga sinadarai suke zuwa: sitirontiyam ke ba da ja, bariyam ke ba da kore, sodiyam ke ba da rawaya, jan ƙarfe ke ba da shuɗi, maganiziyam da alminiyam kuma su ke ba da farin nan mai kashe ido. Shuɗi ya fi sauran rauni, fari kuma ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa saiti ɗaya ba zai taɓa dacewa da kowace wuta daidai ba. Ni na fi son in saita don kada ja da kore su ƙone, ko da shuɗin zai ɗan dusashe.

Mai yiwuwa ka ce: to idan hasken ya yi yawa haka, ta yaya barin labule a buɗe har sakan 4 ba zai ƙona hoton gaba ɗaya ba? Wannan ita ce gaɓar da idan ka gane ta, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Ɗauki bakin wuta ka wulwula shi cikin duhu, za ka ga da'irar haske duk da cewa garwashi ɗaya ne ke yawo. Haka tartsatsin wasan wuta yake a kan sensa. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowane gurbi a sensar yana samun haskensa ne na ɗan ƙiftawar ido, sai ya wuce gurbi na gaba. Saboda haka tsawon lokacin da labule ya yi a buɗe ba shi ke ƙara wa zaren wutar haske ba. Abin da yake ƙarawa shi ne tsawon zaren da yawan wutar da za ta taru a hoto ɗaya. Hasken zaren da kaurinsa suna hannun ƙofar haske da ISO. Mai ɗauka da 1/250 na sakan yana yanke tafiyar tartsatsin ne tun bai je ko'ina ba, sai ya samu ɗigo. Mai ɗauka da sakan 3 ko 4 yana barin tartsatsin ya zana hanyarsa tun daga fashewa har zuwa mutuwarsa.

Daga nan gyara ya zama abu mai tsari. Idan zaren ya fito fari da kauri, tsuke ƙofa daga f/8 zuwa f/11 ko f/16. Idan ya fito siriri da dishi-dishi, musamman idan kana nesa da wurin harbawa, buɗe ta zuwa f/8 ko f/5.6. Idan zaren ya yi gajarta, ƙara lokaci. Idan wuta ta hau kan wuta hoton ya cunkushe, rage lokaci. Ban cika wuce f/16 ba, domin idan ƙofar ta tsuke sosai kaifin hoton raguwa yake yi. ISO kuwa ka bar shi a mafi ƙarancin da kyamararka ta saba aiki da shi, 100 a yawancinsu, 200 a wasu, kuma ka kashe ISO na oto don kada kyamarar ta ɗaga shi a bayan idonka. Abu ɗaya da tsawon lokaci ke haskawa shi ne duk abin da ke tsaye: gine-gine, gada, ruwa, hayaƙi da shi kansa sararin sama. Idan kana son su fito a hoton, gwada saitinka a kansu kafin a fara wasan.

Farashin hanya ta biyu shi ne dole kyamara ta tsaya cak. Babu hannun da zai riƙe ta na sakan 4 ba tare da zaren ya karkace kamar tafiyar tsutsa ba. Mazauni mai ƙafa uku ya fi, amma katanga ko tebur mai ƙarfi ma za su yi idan ka tokare kyamarar da wani abu mai laushi. Ko danna maɓalli da yatsa yana girgiza ta, don haka rimot ya zama abokin tafiya, na waya ko na iska, ko manhajar kamfanin kyamarar a wayarka. Jinkirin sakan 2 da ke cikin kyamara yana maganin girgiza, sai dai yana sa ka rasa daidai lokacin da kake so. Haka kuma ka kashe tsarin hana girgiza, wanda Canon ke kira IS, Nikon ke kira VR, Sony kuma OSS, domin a kan mazauni ba shi da aikin yi, kuma a wasu gilasan shi da kansa ke haifar da motsi.

A cikin hanya ta biyun ma akwai zaɓi biyu. Za ka iya sa kyamara a kan M, wato yanayin saitin hannu, ka ƙayyade lokaci, misali sakan 4, ka yi ta dannawa a kai a kai. Wannan ya fi sauƙi ga mai farawa, kuma hasken gine-gine zai zo iri ɗaya a duk hotunan, sai dai labule zai iya rufewa wuta tana tsakiyar buɗewa. Ko kuma ka sa ta a kan B, inda labule zai zauna a buɗe muddin yatsanka na kan maɓallin rimot. Na fi karkata ga B, domin kai ne ke yanke hukunci da idonka: ka danna idan ka ga zaren wuta ya tashi sama, ka saki idan reshen ƙarshe ya mutu. Kada ka jira ƙarar fashewa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, ke nan idan kana da nisan kilomita ɗaya, ƙarar fashewar za ta iso kunnenka bayan kusan sakan 3, lokacin da furen ya gama buɗewa. Wasu suna ƙarawa da baƙin kwali: su bar labule a buɗe, su rufe gaban gilashin da kwalin ba tare da taɓa shi ba, su janye shi duk lokacin da wuta mai kyau ta fashe, ta haka su tara uku ko huɗu a hoto guda ba tare da sama ta yi haske ba.

Fokas na oto, wato inda kyamara ke daidaita kaifin hoto da kanta, ba ya amfanar kowace hanya daga cikin biyun, domin a baƙin sama ba shi da abin kamawa, sai ya yi ta kai da komowa har wutar ta wuce. Mayar da shi na hannu, nemi wata fitila mai nisa, ka ƙara girmanta a allon kyamara, ka murɗa har ta zama ɗigo mai kaifi, sannan ka bar shi haka. Kada ka murɗa zoben har ƙarshe da zaton nan ne mafi nisa, gilasai da yawa suna zarce wurin. A nan ma tsukakkiyar ƙofa tana da fifiko: da gilashi mai milimita 24 a f/8 a kan kyamara mai cikakkiyar sensa, wato mai girman fim ɗin milimita 35, idan ka saita fokas a kimanin mita biyu da rabi, komai daga kusa da kai har iyakar gani zai fito da kaifi, alhali a f/2.8 ƙaramin kuskure ma sai ya nuna.

Akwai wani saiti da na taɓa mantawa da shi a kunne, kuma ya jawo mini asarar kusan rabin wasan. Shi ne mai rage yashi-yashi a doguwar ɗauka. Bayan kowane hoto, kyamara tana sake ɗaukar wani baƙin hoto mai tsawon lokaci daidai da na farko don ta cire gurɓata, ke nan hoton sakan 6 zai sa ka jiran wasu sakan 6 wuta tana tashi a gabanka. A ISO 100 da ɗaukar 'yan sakanni ba ka buƙatarsa. Filasha ma a kashe ta, haskenta ba zai kai sama ba, sai dai ya haska hayaƙi da ƙeyar mutanen da ke gabanka. Ma'aunin farin launi ka sa shi a kan hasken rana, wajen 5200K, maimakon oto da zai riƙa sauyawa da kowace wuta, kuma idan kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka yi amfani da shi.

Hanyar hannu tana cin nasara ne idan wutar ba ita ce kan gaba a hoton ba. Idan fuskokin masu kallo kake so, hasken wuta yana sauka a kansu, doguwar ɗauka za ta mayar da su inuwa-inuwa saboda suna motsi. A nan buɗaɗɗiyar ƙofa da ISO 1600 ko 3200 da saurin 1/60 ko 1/125 su ne daidai, ka kuma yarda cewa wutar da ke bayansu za ta yi fari. Haka nan idan wurin ya cika har babu inda za a kafa mazauni. A irin wannan hali, idan wutar kake son kamawa, gyaran shawarar farko shi ne ka rage mata zafi: ISO 200 zuwa 400, ƙofa f/5.6 ko f/8, sauri tsakanin 1/15 da 1/30, gilashi mai faɗin gani, tsarin hana girgiza a kunne, gwiwar hannu a manne da jiki. Za ka samu gajerun zare masu launi, ba cikakken fure ba, amma hoto ne da za a kalla.

Idan da waya za ka ɗauka, ka sani yawancin wayoyi ƙofar haskensu a kafe take, wajen f/1.8, ba ta tsukewa. Abin da ya rage maka shi ne ka shiga sashen saitin hannu idan wayar tana da shi, ka sauke ISO ƙasa iyakar saukarsa, ka fara da sakan 1 ko 2, wayar kuma a girke. Yanayin dare na waya yana haɗa gajerun hotuna da yawa ne don ya haska duhu, shi ya sa sau da yawa yake yayyanke zaren ya kuma haska hayaƙi.

Wurin tsayawa yana shafar hanyoyin biyu daidai wa daida. Tsaya inda iska ke kaɗowa daga bayanka zuwa wajen wutar, don hayaƙin ya yi gaba. Hotunan mintunan farko su suka fi tsabta, kafin hayaƙi ya taru, saboda haka ka gama gwaje-gwajenka da wuri, ka fara da faɗin gani har ka gane iya tsayin da wutar ke kaiwa sannan ka matso da hoton. Idan aka zo rufe wasan, lokacin da ake harba da yawa a tare, wuta tana hawa kan wuta a gurbi ɗaya na sensa, hayaƙi kuma ya zama kamar farin bango mai mayar da haske, sai saitin da ya yi maka aiki tun farko ya fara ƙonewa. Da ka ga alamar an shiga wannan gaɓa, tsuke ƙofa zuwa f/16 ka rage lokaci zuwa sakan 1 ko 2.