Takardar da ba a kai ta kemis

Ranar da za a sallami yaro daga layin tamowa, malamar asibiti takan naɗa zaren awo mai launin kore, rawaya da ja a damtsensa, ta ga awon ya hau kore, alamar ya murmure, sai ta ce wa uwar: "Baiwar Allah, kin gama da mu. Amma ranar Laraba da la'asar ki je gidan mai unguwa, akwai zaman mata." Wannan magana ta ƙarshe hidima ce mai zaman kanta, kuma ita muka ɗora a ma'auni, kamar yadda ake gudanar da ita a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na jihar Kebbi.

Tura majinyaci wurin jama'a a maimakon a ƙara masa ƙwaya abu ne da Ingila ta mayar da shi tsarin hukuma. A 2019 hukumar lafiyarsu, NHS, ta sanya shi a shirinta na dogon zango, ta ce za ta ɗauki ma'aikatan haɗi 1,000 a zangon farko, mutum 900,000 kuma su amfana kafin ƙarshen zangon 2023/24. Likita ya ga ciwon na kaɗaici ne ko bashi ko rashin motsa jiki, sai ya miƙa mutum ga ma'aikacin haɗi, shi kuma ya zauna da shi, ya ji abin da ke damunsa, ya kai shi ƙungiyar lambu ko ta tattaki ko wurin masu ba da shawara kan bashi. Cibiyar Bromley by Bow da ke gabashin Landan, wadda aka kafa a 1984, tana cikin waɗanda suka share wannan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin jagora a kai a 2022.

Mu a nan ba mu raɗa masa suna ba, amma zaman mata masu shayarwa shi ne mafi kusa da shi. Ya bazu sosai a lokacin shirin WINNN na inganta abinci mai gina jiki, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2011 a Kebbi, Zamfara, Katsina, Jigawa da Yobe. Mata goma sha biyu zuwa goma sha biyar, masu ciki da masu goyo, da jagora ɗaya 'yar unguwar wadda aka horar. Galibi sau ɗaya a wata ake zama, a tsakar gida, kan tabarma. Ba a biyan ko kwabo.

Dalilin turawar a fili yake. Abincin tamowa na ɗan ƙunshi da asibiti ke bayarwa, mai giram 92 da ƙarfin kalori 500, yana tayar da yaro cikin makonni shida zuwa takwas. Sai dai yaron zai koma gidan da ya rame ne, tukunya ita ce dai, kunun shi ne dai. Asibiti ba ta da maganin wannan. Zaman mata yana da shi, idan an yi shi yadda ya kamata.

Inda ya fi burge mu shi ne girki a gaban ido. Ana koya garin kunun Tom Brown: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Waken ake jiƙawa ya kwana, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙayau, sannan a soya shi har ƙarnin ya fita ya yi ƙamshi. Gyaɗa a tsince ta ɗaya-ɗaya. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Hatsin a wanke, a shanya, a ɗan soya sama-sama, a haɗa a kai inji. Kurakuran da ake yi sanannu ne. Wake bai soyu ba, cikin yaro ya kumbura, uwar ta ce garin bai karɓe shi ba ta daina. An niƙa da sauran danshi, kwana kaɗan gari ya yi tsami a cikin leda. Mafi yawa kuma shi ne tsinkewar kunu: uwa na tsoron kada yaro ya ƙware, sai ta dama shi ruwa-ruwa, ciki ya cika ba abinci. Jagorar da ta san aikinta takan ɗebo da cokali ta karkata shi a gaban mata. In ya zubo sharr, bai yi ba. In ya tsaya yana saukowa a hankali, shi ke nan. Wannan karkata cokalin ya fi hoton bango goma aiki.

A ɓangaren Argungu da Yauri akwai abin da ya kamata a ƙara matsa wa lamba: busasshen ƙananan kifi, a daka shi da ƙayarsa a barbaɗa cokali ɗaya a kunu ko faten yaro. Da zogale a bayan ɗaki, da manja ɗan kaɗan. Ɗan wata shida zuwa takwas ya ci sau biyu ko uku a yini, daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku ko huɗu, nono kuma bai tsaya ba. Amma a kiyaye, garin ba ya maye gurbin abincin asibiti ga yaron da zare ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko wanda aka danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku yatsa ya bar rami. Irin wannan yaro, asibiti za a mayar da shi a ranar.

Akwai kuma amfanin da ba a rubuta shi a rajista. Matar da ta haihu tana ta zubar da hawaye ba dalili, ko wadda rashin tsaro ya koro ta daga ƙauyensu ba ta san kowa ba, in ta je asibiti "ciwon kai" da "rashin barci" za ta ce, a ba ta farasitamol. A kan tabarma ne wata dattijuwa za ta ce, "'Yar nan, me ke cin ranki?" Ƙungiyoyin da suka haɗa da adashi su ne suka fi daɗewa, don kowa na da dalilin zuwa ko da ba ta da marar lafiya.

To, ina matsalar? Tana tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar gidan zaman. Abin da Ingila ta kashe kuɗi a kai shi ne albashin mutumin da ke tsakiya, mu kuma mun bar wurin ga 'yan sa-kai. Shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 an yi shi ne don mata 'yan unguwa su riƙa bin gida-gida suna haɗa mutane da asibiti, kuma inda suke aiki ana ganin bambanci. Inda babu su, malama ta faɗa da baki, uwa ta ce to, magana ta mutu a nan. Babu mai zuwa ya ɗauko ta ranar farko, alhali mace ba ta faɗawa gidan da ba ta sani ba haka kawai. Babu kuma mai komawa ya shaida wa asibiti ko ta je.

Sai izinin maigida. In ba a yi magana da shi ba, ta bakin mai unguwa ko liman ko kwamitin raya mazaɓa, zama ɗaya za ta yi. Ita ma kakar yaro, wadda ita ke cewa a ba jariri ruwa ko tsimi kafin wata shida, ba a cika gayyatarta ba, sai uwa ta koyo abu a waje a rushe shi a gida. Lokaci ma yana kashe zama: a sa shi ranar kasuwa, ko da hantsi a tsakiyar damina, ko lokacin da mata ke kan turara shinkafa, sannan a ce mata ba sa son zuwa. Ga shi damina ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kwantar da yara, wato lokacin da aka fi bukatar zaman. Mafi muni shi ne ƙungiyar da aka gina kan rabon sabulu da kuɗin mota. Ranar da masu tallafi suka naɗe tabarmarsu, ita ma ta watse.

Hukuncinmu: hidimar ta cancanci a je, kuma a arha babu kamarta, amma ingancinta ya rataya a wuyan jagora ɗaya da mai rakiya ɗaya. Wadda aka tura, kafin ta bar gaban malama ta tambayi sunan jagorar, da ranar zama, da wanda zai biyo mata. Ta kuma roƙi a ba ta zaren awo a nuna mata tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta riƙa aunawa duk mako biyu, kada ta matse kada ta saki. In awon ya sauko rawaya, ta faɗa a zaman mata. Ya taɓa ja, kada ta jira Laraba.