Wace shimfiɗa za ka saya wa kunkuru ko mesar da kake kiwo?

Mai kiwon kunkuru ko ƙaramar mesa yakan kashe kuɗinsa kan keji da fitilar ɗumi, sannan ya zuba duk abin da ya samu a ƙasa. A kan wannan abin dabbar take kwana, shi take shaƙa dare da rana, wani lokaci ma ta haɗiye shi tare da abinci. Shimfiɗar kirki tana riƙe danshi ba tare da ta jiƙe sharkaf ba, ba ta ƙura, ba ta da ƙamshi mai ƙarfi, kuma idan an haɗiyi kaɗan za ta fita da kashi.

Zaɓina shi ne ɓawon kwakwar Attagara, wato zaren nan mai ruwan ƙasa da ke lulluɓe da ƙwallon. Kashi biyu ake sayar da shi. Akwai niƙaƙƙe da ake dannewa kamar bulo, wanda masu rainon shuka ke kira kokofit, akwai kuma yankakke gutsu-gutsu kamar kan yatsa. Bulo mai nauyin giram 650, idan ka zuba masa ruwan ɗumi lita 3 zuwa 4 ka ba shi rabin awa, zai kumbura ya kai lita 8 ko sama da haka. Ka damƙi ɗan kaɗan ka matse: in ya dunƙule ruwa bai ɗiga ba, ya yi daidai. In ya ɗiga, a baza shi a inuwa ya sha iska.

Ga ɗan kunkurun Sahel, irin mai ƙaho a cinya da ake samu daga Senegal har Sudan, a zuba niƙaƙƙen ya kai zurfin santimita 8 zuwa 10, a danne shi da tafin hannu don ƙafa ta samu wurin takawa. Mutane suna ɗauka tunda ɗan hamada ne, bushewa yake so. A daji cikin rami yake wuni, inda ƙasa ke da laima, kuma a farkon damina yake ƙyanƙyashewa. Ɗan da aka raina a busasshen wuri ƙoƙon bayansa yakan tashi tudu-tudu, kuma abin da ya riga ya tashi ba ya komawa. Shi ya sa ake son danshin wajen kashi 80 cikin 100 a maɓoyarsa, tare da ɗumi. Da hunturu, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, ɓawon kwakwa ne ke ceton mai kiwo: ka zuba kofi ɗaya na ruwa a kusurwa, ƙasan ya jiƙa, saman ya zauna a bushe. Ga mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake fitarwa da yawa daga Ghana da Togo da Benin, yankakken ya fi, domin ba ya shiga baki da ƙananan ramukan gefen baki da take jin ɗumi da su. Zurfin santimita 5 zuwa 8 ya isa, danshi kuwa kashi 55 zuwa 65, a ɗan ƙara lokacin saɓa.

Ɓawon itacen fir da ake shigowa da shi yana da kyau, tsada ce matsalarsa. Itacen sayfires yana riƙe ruwa, amma samun zallarsa aiki ne. Askin itacen asfen na macizan busasshen wuri ne, da ya jiƙa sai fumfuna. Yashi zalla yana toshe hanji. Ɓuntun shinkafa yana da kaifi, yana shiga ido. Itacen sida da na fayin kuwa kada ma ka tambayi farashinsu, man da ke ba su ƙamshi yana lahanta huhu da fatar waɗannan dabbobi. Ɓawon kokon cakulan da ake zubawa a lambu yana ɗauke da sinadarin tiyobromin, guba ne.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne buhun da ba shi da rubutu. Za a ce maka “askin katako ne mai tsabta, masu kaji ma shi suke saya”. Abin da ake sharowa daga gindin inji gauraye ne, ba wanda zai iya gaya maka itace nawa ke ciki. Ƙurar katakon obece an san tana jawo asma ga kafintoci, ta iroko tana sa ƙaiƙayin fata, to ina ga dabbar da hancinta ke taɓa ƙasa? Ga kuma katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai. Ka zuba cikin hannu ɗaya a roba mai murfi, ka ajiye a rana minti 20, ka buɗe ka shinshina. Warin kananzir, fenti ko magani ya isa hujja. Ka baza shi a faranti ka duba ko akwai ɓurɓushin filawud, ƙusa ko gutsure mai launin kore-kore, wanda alama ce ta katakon da aka dafa da maganin da ke da jan ƙarfe, wani ma har da gubar arsenik. Shimfiɗar lambu mai rini ja ko baƙi ita ma a bar ta, sau da yawa daga tsofaffin katakan ɗora kaya ake niƙa ta, rinin kuma yana ɓoye asalinta.

Shi kansa ɓawon kwakwa ba a barin sa haka. Mai araha yakan zo da gishiri, domin kwakwa itacen bakin teku ce kuma wasu a ruwan gishiri suke jiƙa ɓawon. Gishirin nan yana sa ido kumburi, yana busar da fata. Ka jiƙa bulon, ka tace ruwan, ka zuba cokali biyu a baƙin faranti ka bar shi ya bushe. In ka ga farin gari, ka zuba ɓawon a buhu ka yi ta ɗauraya sau uku ko huɗu. Wanda ke da na'urar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, irin ta masu ruwan leda, ya auna ruwan ɗaurayar har lambar ta kusanci ta ruwan da ya zuba. Ka karanta leda da kyau: wanda aka haɗa da takin zamani ko fararen ƙwayoyin falayit na shuka ne, kuma kunkuru na tsince fararen nan ya haɗiye. Bulon da ya yi nauyi fiye da girmansa, ka narka ɗan guntu a kofi ka ga ko yashi zai kwanta a ƙasa.

Kafin a zuba, a kwarara masa tafasasshen ruwa a bar shi ya huce, saboda ƙwari da ƙwansu. Abinci a ɗora shi kan tayil ko faffaɗan dutse. A kwashe kashi kullum, a canza shimfiɗar gaba ɗaya bayan wata biyu zuwa uku. Da damina a rage zuba ruwa, a riƙa juya ƙasan da hannu. Duk ranar da ka ga farin zare kamar saƙar gizo ko ka ji tsami, ko fatar cikin macijin ta fara yin ja, a kwashe duka a shimfiɗa takarda har wurin ya bushe.