Injin fotokwafi na gwanjo: bugunsa ya yi, amma cin wutarsa ya ba ni wahala

Na sayi wannan injin, babban nan na ofis mai aljihun takarda biyu, saboda ƙaramar firintar tawada ta daina iya ɗaukar aikin shagona. Wajen bugu ba ni da ƙorafi, domin rubutu yana fitowa baƙi ƙirin, ko an goga masa jiƙaƙƙen yatsa ba ya damewa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne rantsuwar da mai sayarwa ya yi mini cewa, "Alhaji, wannan ba ya cin wuta." Wata rana aka ɗauke wuta shago cike da ɗalibai masu gaggawar miƙa aikin kammala karatu, sai na mayar da injin kan inbata. Ina danna maɓalli ta yi ƙara ta mutu, kwamfutoci suka mutu tare da ita, wata yarinya da ta wuni tana gyara babinta na ƙarshe ta rasa abin da ba ta adana ba. Har yau ina jin nauyin kallon da ta yi mini.

Mai gyara ne ya buɗe gefen injin ya nuna mini hita, wata rola da ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Ashe tona, wato tawadar irin wannan injin, gari ne mai roba a ciki, sai an narkar da shi a zafin da ya kusa digiri 200 kafin ya manne wa takarda, shi ya sa injin ke fizgar sama da wat 1,000 lokacin da yake ɗumama kansa. Firintar tawada kuwa ba ta gasa takarda, da ƙyar take kai wat 30.

A gaskiya idan ya shiga barci cinsa kaɗan ne, kuma ranar da akwai wuta yana gama aikin wuni kafin azahar, har nakan ce kuɗina bai faɗi ba. Sai dai duk tashinsa daga barcin sai ya sake ɗumama hitar, ga shi a Afrilun 2024 sai da aka kai yunit ɗin wutarmu ta Band A, rukunin da ya fi tsada, naira 225, ga kuɗin man janareta. Da na koma wa mai sayarwa da maganar rantsuwarsa, cewa ya yi in ƙara batir.