Baje Koli ko Yawon Gasa: Wanne Ke Kai Ɗan Besbol Jami'a a Amurka?

Taron baje koli, irin wanda kamfanin tantance matasan 'yan besbol Perfect Game ke shiryawa, galibi awo ne na kwana ɗaya ko biyu: gudun yadi 60, saurin jifa, da ƙarfin da ƙwallo ke barin sanda. Alƙaluman kuwa a intanet suke zama. Yaron da ya je tun bai ƙosa ba, ya yi gudun a daƙiƙa 7.6 alhali masu horarwa na jami'o'i na neman ƙasa da 7, da kuɗinsa ya tallata rauninsa.

Ƙungiyar yawon gasa, wato wadda ke zuwa gari-gari tana buga wasa, ta fi cin aljihu, ga otal ga mai, amma tana nuna abin da na'ura ba ta gani: yadda yaro ke yi bayan an fitar da shi sau biyu a jere. Sai dai babbar ƙungiya ba ta da amfani in a benci zai ƙare, kuma yawan jifa na lalata gwiwar hannu.

Tun 2023, masu horarwa na rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba sa tuntuɓar ɗalibi sai 1 ga Agusta kafin ajinsa na 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Don haka a fara da gasa, a jinkirta awo sai jiki ya yi ƙwari.