Yaya, ga labarin kayan koya wa yara karatu a nan Landan

Yaya barka da warhaka, ya su Umma da mutan Gwammaja? Kin ce kina so ki riƙa zama da 'yan biyu a gida kina koya musu karatu kafin a sa su firamare, kuma kina tambayar wane littafi zan aiko miki daga nan tunda nima a gida nake koya wa nawa. To bari in faɗa miki yadda abin yake, dan ba duk abin da ake sayarwa a Ingila ne zai miki amfani a Kano ba.

Na farko dai a nan doka ta yarda iyaye su koyar da yaro a gida, dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi nauyin karatun yaro yana kan iyaye, ko a makaranta ko ta wata hanyar, kuma ba dole sai kin bi manhajar gwamnati ba. Amma fa komai daga aljihunki zai fito, shi ya sa kasuwar kayan take da girma sosai, kowa da nasa tsarin, akwai Jolly Phonics, akwai Read Write Inc, ga na intanet da ake biya duk wata ki sauke takardu ki buga a firinta, in kika biye musu sai albashin maigida ya ƙare a kan kati da fosta.

Duk kusan hanya ɗaya suke bi, wato a fara koya wa yaro sautin harafi kafin sunansa, sannan ya riƙa haɗa sautukan har kalma ta fito. Ni da na gani dariya ma na yi, ai abin da malam yake mana a makarantar allo kenan, babbaƙu tukuna, sai farfaru, sai a zo haɗawa. Jolly Phonics sauti 42 yake koyarwa kuma ba daga a b c yake farawa ba, daga s a t i p n yake farawa, saboda da waɗannan shidan kaɗai yaro zai iya haɗa ƙananan kalmomi ya ji shi ma ya fara karatu. Gwamnati ma ta ɗauki abin da zafi, tun 2012 duk yaron makarantar gwamnati idan ya zo ƙarshen aji ɗaya ana masa gwaji da kalmomi 40, wasu ma ba kalmomin gaske ba ne ƙirƙirarsu aka yi, dan a gane ko da gaske yana haɗa sauti ko haddace littafin kawai ya yi. Wannan gwajin ya burge ni wallahi, dan kin san yaranmu da hadda, yaro zai rera miki shafi guda da ka amma ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiya sai ya tsaya yana kallonki.

Abin da suka fi mu da shi nesa ba kusa ba shi ne laburare. Kusan kowace unguwa da nata, katin kyauta ne, har jariri ana buɗe masa, ki kwashi littattafai ki kai gida in kun gama ki mayar ki ɗauko wasu. Ga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da ake samun littafin yara da arha. A Kano kuwa in ba laburaren Murtala Muhammad kika je ba, sai dai ki shiga Sabon Gari ki saya da kuɗinki. Sai dai malamin lesin a nan tsada kamar me, da awa ake biya, wanda ke zuwa gida ya yi wa yara lesin a Kano ku riƙe shi da kyau.

To amma ga inda nake so ki saurare ni. Duk wannan hidimar ta sauti 42 da kati da waƙoƙi, wahalar Turanci ce ta jawo ta, harafi 26 ne amma sautukan sun haura 40, kuma akwai kalmomin da ba sa bin ƙa'ida ko kaɗan sai dai yaro ya haddace su. Hausa ba haka take ba, yawanci yadda kika furta haka ake rubutawa, yaro in ya kama ba bi bu da ka ki ku an kusa gamawa, sai ki kula masa da masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ. Naki yaran Hausa suke ji a gida da waje, in suka haɗa kalma sun san me take nufi, to me zai sa ki fara musu da labarin dusar ƙanƙara da karen gida mai kwana a kan gado? Ki fara da Hausa, in idonsu ya buɗe sai ki shigo da Turanci a hankali, amma kar ki haɗa su a zama ɗaya dan harafin c kaɗai ya isa ya rikita yaro, yadda ake faɗarsa a kalmomin ciki da cokali daban da na Turanci. In lokacin ya yi Jolly Phonics ma ba sai na aiko ba, makarantu da yawa a Najeriya suna amfani da shi, ki tambaya a shagunan littattafai.

Ni nan matsalata akasin taki ce, littattafan Turanci har sun mana yawa, na Hausa kuwa ko na magani ban gani ba a laburarenmu, alhali akwai ɓangaren Larabci da Urdu da Somali. Dan Allah in Yaya Sani zai shiga kasuwa ya duba min littafin Ka Koyi Karatu na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya da duk wani ƙaramin littafin tatsuniya mai hoto, akwai wata maƙociyarmu da za ta taho bayan sallah sai a ba ta. Ni kuma zan haɗo miki katin haruffa da allon da ake gogewa da alƙalumansa, waɗannan kam na nan sun fi ƙarko. Ki gaida Umma, ki ce mata zan kira ta ranar Juma'a.